Ya Ce, Ko Ta Ce?

Jama'ar da ke bin labarina, sannunku da haƙuri. Wasunku sun yi ta min tsiya wai na cika jan rai. To ku gyara zama, don ranar da zan ba ku labarinta yau, ni kaina ba na son tuna ta.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Sharifa, 'yar Kpakungu ce ni a nan Minna. A daminar 1988 ina zaune a gidanmu da 'yata Jummai, tana ƙarama, bayan rasuwar mijina Alhassan. Na gama takaba, na share hawaye, na koma kan keken ɗinkina, har Allah ya haɗa ni da Munzali, ma'aikacin ruwa a madatsar Tagwai. Magana ta yi nisa har manya sun fara zancen sa rana. Ni kuwa da rawar kaina na lulluɓe keke da tsohon zani, na sallami masu kawo min ɗinki, wai ni amarya.

Sai ga saƙo daga Fadikpe, unguwar su Munzali.

Mama Magdalene ce ta kawo shi. Dattijuwa ce 'yar asalin garin, mai sayar da doya, katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Hajiya, mahaifiyar Munzali. A tsakar gidanta ma ya fara ganina, ranar da na kai kayan bikin 'yarta Rose da na ɗinka. Ranar saƙon, ina ɗaki ina taje wa Jummai kai na ji sallamar Mama, na ji ta sauke kayan da ke kafaɗarta, Inna ta shimfiɗa mata tabarma. Ta bayan labule na ji komai.

"An aiko ni daga gidan Hajiya," in ji ta. "Ya ce aure yana nan, babu fashi. Amma ya ce banda yarinya. A kai shi wurin dangin ubansa."

Inna ta gyara zama. Can ta ce, "To, mun ji. A gaishe su." Shi ke nan. Kunyar surukai ba ta bar ta ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni kuma ba hurumina ba ne in ɗaga labule in tsoma baki a maganar aurena.

Ga inda matsalar take. Hausar Mama Magdalene babu mace a cikinta. Kowa "ya" ne a bakinta. Ranar da Rose ta sauka cewa ta yi, "Rose ya haihu." Kazarta ma in ta yi ƙwai, "ya yi kwai" ne. Mu da muka tashi a Minna ba ma ko jin abin a kunne, rabin garin haka suke magana, kuma ana fahimtar juna. Amma ranar nan wannan ƙaramar kalma ta tsaya min a maƙogwaro. Wane ne "ya ce"? Hajiya, ko ɗanta?

Ku 'yan yanzu za ku ce me ya hana ni tambayarsa. Da me? Babu waya a hannun kowa. Munzali yana can Tagwai, sai Asabar yake shigowa gari, kuma Asabar ɗin da ta gabata bai zo ba.

Ni dai na yanke wa kaina cewa Hajiya ce. Mutumin da ba ya zuwa zance sai da alewar Jummai a aljihu, mai ɗora ta a tankin babur ɗinsa ya zaga da ita layi, wanda ya ce min da bakinsa, "Ke da ita duk ɗaya ne a wurina," ta yaya zai aiko da wannan magana? In Hajiya ce, da sauƙi. Uwa ana lallashinta, ana tura mata manya, ana durƙusa mata. In kuwa shi ne, to babu sauran abin da zan roƙa, don ba zan shiga gidan da 'yata ba ta da wurin kwana ba. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, so mai tsanani. Shi ya sa na ƙanƙame Hausar Mama Magdalene da hannu biyu.

Da Asabar ta zagayo, da sassafe Inna ta shigo ɗaki ta yaye zanin da ke kan keke, ta kakkaɓe shi a ƙofa.

"Tashi," ta ce. "Zaman jiran nan ya ishe ni. Tunda ba a sa rana ba, ki koma ga sana'arki. Babu zare a gidan nan, babu man keke. Ki biya kasuwa, daga nan ki kai wa Baffanki abinci tasha yadda kika saba."

"Inna, yau fa Asabar ce."

"Na san ranar. In zai zo, ba da safe zai zo ba."

Na ɗaura atamfata mai ruwan ganye wadda ta fara koɗewa, na ajiye sababbin a ƙasan akwati inda suke. Na sa takalmin roba saboda taɓo, na yafa baƙin mayafi, ko kwalli ban sa ba. Jummai ta riƙe min gefen zani za ta bi ni. 'Yar fari ce, a ƙa'ida ko sunanta bai kamata in kama a gaban Inna ba, balle in lallashe ta. Amma ni tun ranar da aka fita da gawar ubanta na ajiye wannan kunyar. Na durƙusa na ce mata zan sayo mata ƙosai, na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki kwanon Baffa na fita tana kuka.

An kwana ana ruwa. Layinmu ya zama kunu, sai tsallake ake yi daga dutse zuwa dutse. A bakin titi mutane sun yi cirko-cirko, birkiloli da kwanukansu, mata da buhunan barkono, ma'aikatan da ba a ba su hutun Asabar ba. Bas ta farko ta wuce a cike, ta watsa mana ruwan kwata. Ta biyu na samu na cusa kaina a kujerar baya, tsakanin taga da wata mai kwandon busasshen kifi. Kwanon Baffa yana kan cinyata yana ƙona ni, ruwa yana ɗiga daga rufin motar daidai kafaɗata.

Ba mu yi nisa ba na ji an taɓa ni daga gaba. Azumi ce, wadda na mayar wa da yadinta ba ɗinki lokacin da nake jin kaina a sama.

"A'a, amarya. Ke ce a bas? Ina mai babur ɗin?"

"Yana wurin aiki."

"Yaushe ne bikin? Kar fa a manta da mu a anko."

"Za ki ji," na ce. Na ƙara da cewa in har yanzu ba ta kai yadin wani wuri ba, ta dawo min da shi. Ta dube ni, ta dubi atamfar jikina, ta ce to. Ta juya ta fuskanci gaba.

Abin da na yi a motar nan, in na tuna har yau sai in ji tausayin kaina. Kunne na kasa ina sauraron bakin mutane. Mai kifin tana ba maƙwabciyarta labarin 'yarta, tana cewa, "Ya ki cin abinci, ya ce sai ya koma gidan mijinsa." Sai na ji wani sanyi a raina. Ga shi nan, mace ce kuma an ce "ya". Wani dattijo a gaba ya ce matarsa "ya tafi Bida", na ƙara jin ƙarfi. Haka na yi ta tsintar shaidu a bakin mutanen da ba su san ina yi ba. A wajen Ƙetaren Gwari motar ta mutu a cikin ruwa, maza suka sauka suka tura, mu mata muka zauna muna shaƙar hayaƙi da ƙarnin kifi har ta tashi.

Na sauka a shataletalen Mobil na shiga kasuwa. Ƙafata ba ta manta hanya ba, ita ta kai ni layin 'yan zare ba tare da na yi tunani ba. Oga Gabriel yana nan a rumfarsa da tabaransa a kan hanci.

"Madam tela, ka dawo? Na ce ko ka yi aure ka manta da mu."

"Ban yi ba tukuna, Oga."

"To Allah ya kawo. Me zan ba ka?"

Ko wannan "ka" ɗin da ya yi min sai da na saka shi cikin shaiduna. Na zaɓi zare baƙi da fari da ja, allurar keke, zif, da ƙaramar kwalbar mai. Ya naɗe min su a tsohuwar jarida kamar kullum, ya ƙara min alli kyauta. Na tsaya ina kallon ƙunshin a hannuna, raina ya yi baƙi. Wata nawa ina gaya wa kaina na yi sallama da wannan layin, ga ni na dawo, kuma babu abin da ya canza a cikinsa, ko kwalin da ake takawa a ƙofar rumfar shi ne dai.

Daga nan na taka zuwa tashar jirgi. Baffa Mudi yayan mahaifina ne, shi ne waliyyina tun rasuwar Baba. A gindin katangar tasha yake da rumfa, yana facin bokiti da fitilu da dalma. Lokacin da Alhassan yake aiki a tashar, kwano biyu nake kawowa. Na bi ta wurin da yake tare ni ya karɓi nasa, na kawar da kai.

Baffa ya amsa gaisuwata ba tare da ya ɗago daga fitilar da yake liƙewa ba. Sai da ya gama ya ajiye ƙarfen a garwashi.

"Uwarki ta gaya min saƙon da aka kawo. Na riga na aika Zungeru, wurin 'yan uwan marigayi. Za su turo a ɗauki yarinyar."

Na ɗago kai. "Baffa, ba a tambaye ni ba."

"Me za a tambaye ki? Ɗiya ta dangin uba ce, yau ko gobe can za ta. Ke yarinya ce, ga mutum mai albashi ya fito. So kike ki tsufa a kan keke?"

"Ba shi ya faɗa ba, Baffa. Hajiya ce. In aka tura manya suka same ta..."

"Shi ne, ita ce, meye bambancin? Gida ɗaya ne."

"Da bambanci," na ce.

Ya dube ni ta saman gira. Ba mugu ba ne Baffa, shi ya riƙe mu da wannan dalmar, kuma na san gajiya ce take magana a bakinsa. Ya buɗe kwano ya ce in gaishe da Inna. Na ɗauki kwanon jiya na tashi.

A ƙa'ida daga nan gida zan nufa. Na tsaya a bakin titi, bas ɗin Kpakungu ta zo, kwandasta yana ta kiran unguwarmu, ban shiga ba. Na daɗe ina gudun tambayar nan saboda muddin ban yi ta ba, ina da sauran abin riƙewa. Amma yanzu an aika Zungeru. Na tare tasi mai zuwa Fadikpe, muka cushe mu huɗu a baya, na rungume kwano da ƙunshin zare.

Na shiga gidan Mama Magdalene ta ƙofar baya don kar a gan ni daga gidan Hajiya. Tana zaune a gindin mangwaro tana ware sabuwar doya, manya gefe, ƙanana gefe. Da ta gan ni ta goge hannu a zani, ta jawo min kujera 'yar tsugunne.

"Sarifa, yarona. Ka rame."

Na gaishe ta, na tambayi Rose da jariri. Ta kawo min ruwa ban iya sha ba.

"Mama, saƙon da kika kai gidanmu. Wa ya ba ki shi?"

"Na fada wa Inna ai. Ya ce banda yarinya."

"Na ji. Amma wa ya ce? Hajiya ce ta kira ki?"

Ta buɗe baki tana kallona, kamar na tambaye ta abin da kowa ya sani.

"Hajiya? A'a. Hajiya ya yi kuka ma. Ya ce wane irin magana ne wannan, maraya ne, a kawo shi, shi zai rike da hannunsa. Har ya ki cin abincin dare."

"To wa ya ce, Mama? Ki kama min suna."

"Munzali mana."

Ban san na saki kwanon ba sai da na ji ƙararsa a ƙasa. Mama ta ɗauko shi ta kakkaɓe, ta ajiye min a cinya. Ta ce da kansa ya zo, ya kafe babur a nan gindin mangwaron, ya tsaya daidai inda tulin doyar yake. Ya ce ya yi tunani, ba zai iya fara gida da 'yar wani ba, abokan aikinsa har sun fara yi masa ba'a. Ta ce ta yi masa faɗa, ta ce ya je ya faɗa da bakinsa, ya ce ba zai iya haɗa ido da ni ba.

"To me ya sa kika ce daga gidan Hajiya aka aiko ki?"

"Shi ya ce in fada haka. Ya ce ai ba karya ba ne, gidan uwarsa ne, nan yake kwana." Ta dafa gwiwata. "Na yi laifi ne, yarona? Na dauka kun gane."

"Ba ki yi laifi ba, Mama."

Ta cusa min doya biyu a cikin buhu, wai in kai wa Jummai. Na karɓa don ba ni da ƙarfin musu.

Ban nemi mota ba, da ƙafa na kama hanyar Kpakungu, doya a ka, taɓo har idon sawu. Ban yi kuka ba. Wani abu ne ya zo min a hanya wanda ya fi kuka ciwo. Munzali yana da ƙanne, yana da gwaggo, yana da abokai, duk masu Hausa tsantsa. Bai aiki ko ɗaya ba. Kuma shi ne fa mai kwaikwayon maganar Mama Magdalene in ya zo zance, ya ce "kazana ya yi kwai" har in riƙe ciki don dariya. Ya san bakinta sarai. Ya zaɓi mutum ɗaya a duk Fadikpe wadda za ta isar da maganarsa ba tare da ta nuna shi ba, ya bar ni in ɗora laifin a kan tsohuwar da ta kwana da yunwa saboda 'yata.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na shigo layinmu. Tun daga nesa na hango jan babur ɗin a ƙofar gida. Yana tsaye cikin farar shadda, hula a karkace, ya naɗe ƙafar wando saboda taɓo. Jummai tana zaune a kan tanki, ta kama kan babur da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da alewa, bakinta duk ya yi ja. Tana hango ni ta ɗaga alewar.

"Umma, ga Baba ya zo."

Shi ya koya mata ta riƙa kiransa haka.

Ya taho ya kama min buhun doyar ya sauke, yana murmushin nan nasa da na sani. Ya ce ranki ya daɗe, irin wannan yawo haka, ai da kin jira na kai ki. Ya ce aiki ne ya riƙe shi wancan satin, ruwa ya yi yawa a madatsa. Ina tsaye ina kallon bakinsa. Sai ya rage murya, ya sunkuyar da kai, ya yi fuskar tausayi.

"Na san saƙo ya iso ku. Wallahi ban san yadda zan yi da Hajiya ba, Sharifa. Ta kafe. Ta ce ita dai ban da yarinyar. Na yi, na yi, ta ƙi."

Hausar Munzali ba ta da gyara. Tun da na san shi bai taɓa kiran mace "ya" ba sai da wasa, bai taɓa kiran namiji "ta" ba ko da kuskure. Ya jera min waɗannan "ta" ɗin a tsanake, kowace a wurin da ya so ta zauna.

"Daga Fadikpe nake," na ce.

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarsa. Ya dubi buhun doyar da ke hannunsa, ya dubi taɓon ƙafata.

Maƙwabta suna zaune a dakali, Inna tana tsaye a bakin zaure, na san duk idonsu yana kaina. Na wuce shi na je wurin babur. Na ɗago Jummai daga kan tankin, na juya ta na goya ta a gaban kowa, na yaye mayafina na ɗaure ta da shi tam, kaina ba lulluɓi. Ta fara mutsu-mutsu tana miƙa hannu baya.

"Umma, ban gama ba. Baba zai zaga da ni."

"Sunansa Malam Munzali," na ce mata. "Ki ce masa sai an jima."

Ta faɗa, da 'yar muryarta, tana ɗaga masa hannun da ke riƙe da alewar. Na ɗauki ƙunshin zarena na shige gida. Inna ta matsa ta ba ni hanya, sannan ta biyo ni tsakar gida, ta ce da ni a hankali, baƙon Zungeru yana ɗaki tun azahar, ya ce da jirgin safe za su koma, shi da yarinyar.